Yadda ake haɗa akwatin girki da hasken rana, da yadda ake dahuwa a cikinsa

Babu tukunyar da ke cin itace a gidan talaka kamar tukunyar wake. A ɗora ta tun da hantsi, a yi ta iza wuta, a jefa kanwa, a ƙara ruwa, kafin ta nuna rabin ƙullin itace ya tafi. Ga shi itacen kansa ya yi wuya. Marke da ƙirya da a da ake samu a bayan gari yanzu sai an yi doguwar tafiya, abin da ya rage kusa sai sabara da geza, a wasu yankunan Zamfara da Katsina kuwa shiga daji ɗebo itace ya zama sayar da rai. Inda itacen ya gagara sai a koma ga kara da totuwar masara da busasshen kashin shanu, abubuwan da gona ke jira su ruɓe su zama mata taki. Hayaƙin kuma uwargida ce ke shaƙa, ita da yaron da ke goye a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje yana sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3 a duk shekara, ta hanyar cututtukan huhu da na zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma akwai ƙananan yara masu yawa a cikinsu.

Ranar da ke gasa tsakar gida har a kasa taka ƙasa babu takalmi tana iya dafa waken nan ba a ƙona ko tsinke ba. Abin da ake bukata kwali biyu ne, da gilashi, da takarda mai ƙyalli, da baƙar tukunya.

Amma uwargida, ki riƙe magana ɗaya tun kafin a yanka kwali: akwatin rana ba zai kori murhu daga gidanki ba. Ba ya toya ƙosai, ba ya yin waina, ba ya dama kokon asuba, ranar da hadari ya rufe sama kuma hutu yake yi. Aikinsa shi ne ya karɓi abincin rana da duk wata dahuwa mai jan lokaci, ya kuma ba ki ruwan zafi kyauta. Na fi son a faɗa wa mutane haka ƙarara, domin a wurare da dama an raba irin waɗannan na'urori da alƙawarin cewa an rabu da itace har abada, da mata suka ga ba haka ba ne sai suka jingine su a bayan ɗaki. Wadda ta san iyakarsa ita ce ke daɗewa tana morarsa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani masanin ƙasar Switzalan mai suna Horace de Saussure ya haɗa akwati mai rufin gilashi tun a 1767, ya kuma dafa 'ya'yan itace a ciki. A Yamai, Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar birnin ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, inda aka ƙera murhunan rana da na'urorin dumama ruwa. A Najeriya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana ƙera irinsu. Wanda za mu haɗa a nan shi ne mafi sauƙinsu.

Yadda abin ke aiki

Duk wanda ya taɓa shiga motar da aka rufe gilasanta aka bar ta a rana ya san zafin da ke tarbarsa. Haske yana ratsa gilashi ya shiga, ya faɗa kan abu mai duhu ya zama zafi, zafin kuma ya rasa hanyar fita. Akwatin girki haka yake, sai dai an ƙara masa abu biyu: bango mai kauri da ke hana zafi tsiyayewa ta gefe da ƙasa, da murfi mai ƙyalli da ke ƙara turo haske ciki. Akwatin da aka haɗa da kyau yana kai digiri 120 zuwa 150 a ma'aunin Selsiyos idan rana ta buɗe. Ruwa yana tafasa a digiri 100, abinci kuma yana fara nuna tun daga wajen digiri 82. Kwali ba ya kamawa da wuta sai zafi ya haura digiri 200, saboda haka kada ki ji tsoron gobara.

Matakin farko: duba gidan, sannan a tara kaya

Kafin a kashe ko kwabo, ki tsaya ki lura da tsakar gidanki na yini ɗaya. Ina ne rana ke sauka tun daga ƙarfe tara na safe har zuwa uku na yamma, ba inuwar katanga, ba ta darbejiya, ba ta rumbu? Nan ne mazaunin akwatin. In son samu ne ya kasance kusa da madafa, inda iska ba ta bugawa sosai, nesa da turken awaki.

Kwali biyu za a nema, ƙarami da babba. Ƙaramin ya kai kamar santimita 40 a tsawo da faɗi, yadda zai ɗauki matsakaitan tukwane biyu ko babba ɗaya. Babban kuma ya zama idan aka sa ƙaramin a ciki za a sami tazarar yatsu uku zuwa huɗu, wato santimita 5 zuwa 8, a kowane gefe da kuma ƙasa. Kwali mai kauri irin na talabijin ko na kayan shago ya fi, a guji wanda ya taɓa jiƙewa ko wanda aka zuba maganin ƙwari ko takin zamani a ciki. Sai wani shimfiɗaɗɗen kwali na uku da za a yi murfi da shi.

Gilashi shi ne abin da zai ci kuɗi, nan maigida zai shigo. A je wurin masu yanka gilashin taga a nemi fari tas mai kaurin milimita 3 ko 4, a yanko shi ya ɗara bakin ƙaramin kwalin da yatsu biyu a kowane gefe. Sau da yawa ana samun ragowar yanka a wurinsu da sauƙi. Kada a karɓi gilashi mai duhu ko mai launin shuɗi irin na tagogin zamani, domin an yi shi ne don ya tare rana. A roƙi mai yankan ya goge kaifin gefen.

Takarda mai ƙyalli ita ce foyil ɗin alminiyom da ake naɗe gasasshen kifi ko kaza da shi. Naɗi ɗaya ya isa har ya yi saura. In babu, cikin kwalin lemo ko na madarar ruwa yana da ƙyalli, a farke shi a wanke a shanya. Ledar biskit da ta madarar gari ma suna da ƙyalli a ciki, amma su a murfi kawai za a liƙa su, kada a sa su cikin akwatin, zafi zai narkar da su.

Abin liƙi kuwa yana nan a gida: ƙaro da aka jiƙa a ruwan ɗumi, ko sitacin rogo da aka dama ya yi kauri, ko farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa rabi da rabi. Gam mai warin fetur irin na masu gyaran takalmi bai dace ba, warinsa zai shiga abinci. Salatif ma zafi na sa shi ya saki.

Sai abin cusawa a bango. Buntun shinkafa, ƙaiƙayi, audugar rimi, tsohuwar audugar katifa, tsumma, ko tsofaffin jaridu da aka cukuikuye, duk suna yi, muddin sun bushe ƙayau. Soso na katifa da farin abin nan mai sauƙi da ake kare kayan lantarki da shi a cikin kwali, waɗannan a bar su, suna fitar da tururi marar kyau idan sun ji zafi.

Mataki na biyu: haɗa jikin akwatin

Fara da rage tsayin ƙaramin kwalin. Ki sa tukunyarki da murfinta a ciki, ki bar kamar yatsu biyu a samanta, ki tsaga kusurwoyi huɗun zuwa nan, ki lanƙwasa ragowar waje su zama kunnuwa. Mutane da yawa suna barin akwatin da zurfi, alhali zurfi asara ne: bango mai tsawo yana yi wa tukunya inuwa, kuma iskar da za a dumama ta yi yawa.

Daga nan ki rufe babban kwalin da marafansa, ki ɗora ƙaramin a tsakiya, ki zagaye gindinsa da gawayi ko biro, ki yanke inda kika zana. Yanzu akwai rami daidai jikin ƙaramin kwalin. Idan babban ya yi tsawo da yawa, shi ma a rage shi yadda tazarar ƙasa ba za ta wuce yatsu huɗu ba.

Shafa gam a cikin ƙaramin kwalin, bango huɗu da ƙasa, ki liƙa foyil, gefen da ya fi ƙyalli yana kallon ki. Ki bi shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa gefe don kada ya yamutse. In foyil ya wadata, a liƙa wa cikin babban kwalin ma, yana ƙara riƙe zafi.

Buɗe marafan babban kwalin, ki jera 'yan dunƙulen kwali huɗu ko biyar a ƙasa su zama ƙafafun da za su ɗauki nauyin tukunya, ki zuba buntu ko auduga a tsakaninsu. Ɗora ƙaramin kwalin a kai, ki cika gefe huɗu. A nan kada a danna da ƙarfi. Iskar da ke maƙale a tsakanin buntun ita ce ke tare zafi, idan aka kirɓa shi ya dunƙule amfaninsa ya ragu. A cika dai yadda babu wani rami da ya rage, musamman kusurwoyi. Sai ki mayar da marafan babban kwalin su rungume ƙaramin, ki kwantar da kunnuwan ƙaramin a kansu, ki liƙe, ki yanke abin da ya yi saura. Ɗora wani abu mai nauyi a kai ya kwana, don bakin ya bushe a miƙe. Wannan bakin shi gilashi zai zauna a kai, in ya karkace zafi zai riƙa zurarewa. Ki liƙa siririn ƙyallen auduga, irin gefen tsohon zane, zagaye da bakin, gilashin zai kwanta luf.

A ƙasan akwatin ana bukatar baƙin faranti na ƙarfe. Guntun kwanon rufi da aka buge ya miƙe, ko tsohon tire, ya isa. A shafa masa baƙin fentin allo irin na makaranta, wanda ba ya sheƙi. In babu fenti, a daka gawayi ya yi laushi a kwaɓa da ruwan ƙaro, yadda ake haɗa tawada, a shafa sau biyu. A sa 'yan siraran kwali a ƙarƙashinsa don kada ya manne da ƙasan akwatin.

Mataki na uku: murfi

Ɗora shimfiɗaɗɗen kwalin a saman akwatin, ki bar rarar yatsu huɗu a kowane gefe, ki lanƙwasa rarar ƙasa ki liƙe kusurwoyin, ya zama hula da za ta zauna daram a kan akwatin ta danne gilashin. A saman hular ki zana girman bakin ƙaramin kwalin, ki yanka gefe uku, ki bar na huɗu, ki ɗaga wurin da kika yanka sama ya zama marfi. Fuskar da ke kallon gilashi ita za a liƙa wa foyil, kuma a nan ne ya kamata a fi natsuwa, domin gwargwadon santsinsa gwargwadon hasken da zai turo. Wanda yake da tsohon madubi zai iya ɗaura shi a nan, ya fi foyil, sai dai nauyi. Don tokare marfin, a lanƙwasa waya mai kauri a soka bakinta ɗaya a ramukan gefen marfin, ɗayan a jikin hular, a kuma ɗaura zare daga baya saboda iska.

Tukunya

Rabin nasarar girkin yana ga tukunya. Wadda ake so ita ce marar kauri, mai faɗi, marar zurfi, mai murfi da ke rufuwa ruf, baƙa daga waje. Tsohuwar tukunyar alminiyom da wuta ta riga ta baƙanta ta fi sabuwa, ki daina dirje bayanta da toka. Sai dai murfinta yawanci fari ne, kuma shi ne rana ke fara duka, don haka shi ma a baƙanta bayansa. Cikin tukunya da cikin murfi ba a shafa musu komai. Tukunyar ƙasa da ta ƙarfe mai nauyi suna dahuwa, amma suna shan zafi mai yawa kafin su ba abinci nasa. Kuma ƙananan tukwane biyu sun fi babba ɗaya saurin nuna.

Mataki na huɗu: gwaji da saita rana

Ranar farko kada a sa abinci. A bar akwatin a rana da farantin da tukunyar babu komai, a ɗan ɗaga gilashin kaɗan, danshin gam da warin fenti su fita. Washegari a gwada da ruwa lita ɗaya. Idan rana ta yi kyau, cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu ruwan zai yi zafin da hannu ba ya iya taɓa murfin tukunyar. Tun daga ranar ki saba ɗaukar tukunya da tsumma, domin ido ba ya ganin wuta sai mutum ya manta, ƙunar kuwa ta gaske ce.

Saitin ba shi da wuya. Ki juya akwatin ya fuskanci rana, marfi mai ƙyalli yana daga baya, har inuwar akwatin ta faɗi a bayansa sak, ba ta karkata dama ko hagu ba. Sannan ki motsa marfin a hankali har ki ga hasken da yake mayarwa ya sauka a kan tukwane. Da safe da yamma, lokacin da rana ke ƙasa, marfin yana sunkuyowa gaba. Da tsakar rana a watan Afrilu da Mayu, lokacin da take bisa kai, sai an ɗan kwantar da shi baya. A watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, rana tana karkata kudu ko da tsakar rana, don haka fuskar akwatin kudu za ta fi kallo. Kada ki tsura wa foyil ɗin ido, ki kuma hana yara.

Duk bayan awa ɗaya a ɗan juya shi ya bi rana. Ɗora akwatin a kan faifan katako ko tsohon tire yana sauƙaƙa juyin, yana kuma raba shi da danshin ƙasa. In za ki fita unguwa, ki saita shi ya kalli inda rana za ta kasance wajen ƙarfe sha biyu, ki danne gefensa da duwatsu. Akwai ma'auni mai sauƙi na sanin ko rana ta isa dahuwa: dubi inuwarki. Idan ta fi ki gajarta kuma gefenta ya fito sarai, ɗora tukunya. Idan ta fi ki tsawo, ko ta yi dishi-dishi saboda hazo, dahuwa za ta yi nawa.

Mataki na biyar: girkin kansa

Fara da shinkafa, ita ce ba ta ba da kunya. A wanke, a zuba ruwa ƙasa da yadda aka saba da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, domin ruwa ba ya ƙonewa a nan kamar a kan wuta. A sa gishiri, a rufe, a ɗora gilashi da hula. Wajen awa biyu ta nuna. Dafa-duka ma haka, a haɗa komai lokaci guda, in ana son ƙamshin suya a soya albasa da kayan miya a ɗan kara kaɗan kafin a juye.

Wake a jiƙa shi tun dare, a ɗora da ƙarfe tara, zuwa azahar ko bayanta kaɗan ya yi laushi, wato awa uku zuwa biyar gwargwadon rana da tsufan waken. Wanda aka jiƙa ba ya bukatar kanwa mai yawa. In garau-garau za a yi, waken zai riga shinkafa shiga da awa biyu. Gyaɗa da gurjiya suna bin sahun wake. Dankali da kabewa da makani a yanka su ƙanana, ruwa kaɗan ko ma babu, awa biyu zuwa uku. Nama yana fitar da ruwansa, awa uku zuwa huɗu ya yi luguf. Ƙwai yana dahuwa ko babu ruwa, a jera shi a baƙar tukunya a rufe, awa ɗaya da rabi. Alale a gwangwani yana yin kyau ƙwarai, haka zogale da rama na kwaɗo. A taƙaice, ki ninka lokacin da kika saba a kan wuta sau biyu, ki ɗora da wuri.

Abin da ya fi ba sababbin shiga wahala shi ne hana hannu buɗe tukunya. Mace ta saba leƙawa, ta juya, ta ɗanɗana. A nan duk ɗaga gilashi zafin da aka daɗe ana tarawa ne ke ficewa, sai an ƙara kusan kwata na awa kafin ya dawo. Abincin ba ya kamawa, ba ya ƙonewa, ba ya bukatar juyi. Alamar ya kusa ita ce ki ga raɓa ta taru a cikin gilashin, ƙamshi kuma ya fara fita. In raɓar ta yi yawa har tana tare haske, a ɗaga da sauri a goge a mayar.

Tuwo fa? Wannan ita ce tambayar da za ki fara ji, wataƙila daga bakin surukarki: "Ke 'yar nan, a cikin kwalin za ki tuƙa mana tuwon?" Amsar ita ce, "A'a Inna, ruwan kawai zai tafasa mana." Tuwon shinkafa yana yiwuwa gaba ɗaya, a bar ta ta yi laushi sosai a fito da ita a tuƙa da zafinta. Na dawa da masara da gero kuwa suna son wuta a lokacin talge da tuƙi. Abin yi shi ne a dumama ruwan a akwati har ya kusa tafasa, a juye a tukunyar tuwo a kan murhu. Itacen da ake ƙonawa kafin ruwan sanyi ya tafasa ba kaɗan ba ne, shi aka tsira da shi. Haka za a yi da ruwan ɗanwake da na dafa fura da na wankan jego.

A kula da lafiyar abinci. Ɗanyen nama da kifi a ɗora su da wuri, a ranar da sama ta washe. Idan hadari ya taso ana tsakiyar dahuwa har tukunya ta huce, a ƙarasa a kan wuta, kada a jira. Dafaffen abinci kada a bar shi a akwati bayan la'asar yana hucewa a hankali har dare, a irin wannan ɗumi-ɗumin ne ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. Rogo mai ɗaci kuma sai an jiƙa shi an sarrafa kamar yadda aka saba, akwatin rana ba ya cire masa guba.

Kwandon riƙe zafi

Babban ƙorafin da ake yi wa girkin rana shi ne babban abincin gida da dare ake ci. Maganin wannan kwando ne. A sami babban kwando ko kwali, a shimfiɗa masa auduga ko tsumma ko buntun da aka ɗura a buhun atamfa, kaurin ya kai santimita 10 a ƙasa da gefe, a bar gurbin tukunya a tsakiya, a ɗinka matashi mai kauri na rufewa. Tukunyar da ta fito daga akwati da zafinta wajen ƙarfe uku, in ta shiga nan aka danne, za ta kai magariba da zafi. A watan azumi wannan ya fi komai daɗi, an gama dahuwa ba a tsaya gaban wuta da ƙishirwa ba. In an buɗe aka tarar abincin ya yi sanyi-sanyi, a tafasa shi kafin a ci.

Kwandon yana dahuwa da kansa ma, ko da damina, ko da dare. Shinkafa ta tafasa minti biyar a wuta, a sa ta a kwando awa ɗaya. Jiƙaƙƙen wake ya tafasa minti ashirin, a rufe shi awa uku zuwa huɗu. Sharaɗin shi ne tukunyar ta kusa cika kuma kada a buɗe. A ganina, gidan da ba zai iya sayen gilashi ba ya fara da wannan kwandon tun yau.

Ruwan sha

Ƙwayoyin da ke kawo kwalara da taifot da gudawa suna mutuwa idan ruwa ya kai digiri 65 ya ɗan jima a haka. Akwai wani ɗan bututu mai kakin da ke narkewa idan ruwan ya kai wannan zafi, ƙungiyoyin agaji kan raba shi. In ba ki da shi kuma ba ki da ma'aunin zafi, kada ki yi kirdado da yatsa, ki bar ruwan ya tafasa sosai. Lita ɗaya ko biyu a baƙar tukunya suna tafasa a rana mai kyau. Ruwa mai laka a tace shi tukuna, a kuma bar shi ya huce a rufe. Zafi yana kashe ƙwayoyin cuta ne kawai, ba ya cire gubar maganin feshi ko ta dalma.

In gilashi ya gagara

Akwai wani samfurin da ba ya bukatar gilashi, ana kiransa CooKit, wanda ƙungiyar Solar Cookers International ta Amurka ta fitar a 1994. Kwali ɗaya ne da aka liƙa wa foyil aka lanƙwasa ya kewaye tukunya ta baya da gefe da gaba, tukunyar kuma tana cikin farar leda mai jure zafi da aka ɗaure bakinta. Da shi matan Darfur suka yi girki a sansanonin gudun hijira na Iridimi da Touloum a gabashin Cadi tun wajen 2005, su da kansu suke haɗa shi da dubbai, saboda fita neman itace yana jefa su cikin haɗarin hari. Sun haɗa shi da kwandon riƙe zafi da murhu mai tsimin itace. Rauninsa shi ne ledar: ta kasuwa narkewa take yi da ta taɓa tukunya, mai jure zafin kuma tana tsufa sai an sake. Wadda take da babban kwanon gilashi fari za ta iya kifa shi a kan tukunyar a maimakon leda. Iska ma ta fi damunsa, shi ya sa na fi ba da shawarar akwati ga mai zaune a gidanta.

Lokutan shekara da adana shi

A Sakkwato da Katsina da Kano da Maiduguri, da Maraɗi da Tawa da Damagaram, bazara ce kakar akwatin, daga Maris zuwa Mayu, sai kuma Oktoba da Nuwamba. Da hunturu yana aiki in ba ranar da hazo ya yi kauri ba, sai dai a riƙa goge ƙura daga gilashi da foyil kowace safiya, a kuma ƙara lokaci. Gilashi biyu da 'yar tazara a tsakaninsu suna taimakawa a lokacin sanyi. Yuli da Agusta sai a duba sama kafin a ɗora.

Maƙiyan kwali uku ne: ruwa, gara, da awaki. Da an sauke tukunya a goge danshin ciki, a shigar da shi ɗaki, a ɗora a kan wani abu, gilashin kuma a jingine shi inda yara ba sa kaiwa. Foyil in ya yage a liƙa wani a kai. Idan an ga amfaninsa, a kai wa kafinta ya yi jikin waje da katako, na ciki da kwano, wannan zai yi shekaru.

In aka ga dahuwa ba ta tafiya, a bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya: a zagaya bakin gilashin da bayan hannu ko zafi na fita, a duba murfin tukunyar ko baƙi ne, a duba ko abincin ya yi yawa ko ruwa ya yi yawa, a taɓa bango a ji ko buntun ya sha danshi ko ya zube ƙasa ya bar sama fanko. Mata huɗu ko biyar na unguwa ɗaya, ko 'yan adashi ɗaya, suna iya haɗa kuɗi su sayi naɗin foyil da gwangwanin fenti tare, su sa a yanko musu gilashi lokaci guda, ya fi sauƙi. Kafin ki fara amfani da akwatin, ki ƙirga ƙullin itace ko buhun gawayin da gidan ke ci a wata, ki sake ƙirgawa bayan wata guda na bazara da akwati da kwando suna aiki, sannan ki nuna wa maigida lissafin kafin a yi maganar na katako.